Tuwon girma ba nama: kwana tara na Malam Ganye a Filinge

A wannan mako za mu jingine maganar ƴan siyasa da ta tsadar hatsi, mu leƙa madafa da wurin wanka, domin akwai wani al'amari nawa na kaina da na daɗe ina jin nauyin kawo shi a wannan fili. To amma labarin ya riga ya zagaya Filinge tun daga tasha har kasuwar dabbobi, saboda haka gara ku ji shi daga bakina.

Yau wata uku ke nan rabona da nama. Ba nama kaɗai ba, na bar nono da man shanu da cuku, na bar ƙwai da kifi, har zuma na bari, sa'an nan na shiga binciken sabunin da nake wanka da shi da man da nake shafawa, don in tabbata ba a cuci wata dabba ba kafin su iso hannuna. Nasara suna da suna ga mai irin wannan hali: da Faransancin da aka koya mana a lise a ce bejetaliyan, ƴan zamani kuma su ce began. A Hausa na nemi kalmar ban samu ba, amma taubasaina na Kurfai sun hutar da ni, sun raɗa mini Malam Ganye, kuma ga dukkan alamu sunan ya zauna.

Ba a littafi na tsinci abin ba, a kan rufin mota na tsince shi. Wata Lahadi cikin bazara, ranar kasuwar Baleyara, na shiga motar haya zuwa Yamai. An ɗora raguna bakwai a sama, kowane an haɗa ƙafafunsa huɗu da igiya ɗaya, an kwantar da su a kan ƙarfe mai zafi kamar buhunan albasa. Tafiyar kusan kilomita 100 ce. Da farko suna kuka suna bugun rufin da ƙaho, fitsarinsu na gangarowa ta taga, fasinjoji na dariya suna janye riguna. Kafin mu yi rabin hanya kukan ya ragu, kafin mu shiga gari ya ɗauke. Da aka sauke su, ɗaya ya riga ya fara shure-shure, mai shi kuwa sai ihu yake a kawo wuƙa kada dukiyarsa ta zama mushe. Babu wanda ya ga wani abin mamaki a wurin, ni ma da bai kamata in gani ba, tun da na buɗi ido ina ganin irinsa. Amma a daren nan na tsaya gaban mai tsire kamar yadda na saba, ƙamshin ya bugi hancina, sai na ji ƙarar ƙahon nan a kan ƙarfe, na juya na tafi gida. Na ce mako guda zan yi. Makon ne ya haifi wata uku.

Daga baya ne na nemi sanin waɗanda suka riga ni. A Ingila, cikin watan Nuwamba na 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani malamin koyar da sassaƙa mai suna Donald Watson da ƴan abokansa suka kafa ƙungiyar farko ta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, su ne kuma suka ƙirƙiro kalmar began. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba Nasara suka fara ba. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rayu daga 973 zuwa 1057, ya shafe shekaru masu yawa ba ya cin nama, ba ya shan madara, ba ya taɓa ƙwai ko zuma, yana ganin zalunci ne a ƙwace wa ɗan dabba nonon uwarsa ko a ƙwace wa ƙudan zuma guminsa. Mutanen zamaninsa ba su bar shi ya huta ba, har wasu suka tuhumi imaninsa. Da na karanta wannan sai na ce ashe abin da ke jirana a gida tsoho ne.

A Yamai al'amarin bai yi wuya ba. Da safe ƙosai da koko, da rana wake da shinkafa ko dambu da zogala, wanda ƴan uwanmu Zabarmawa suka gwanance a kai, da maraice awara mai yaji, wato cukun waken suya da matan unguwa ke soyawa a bakin hanya. Ƙasar da ke cikin manyan masu noman wake na duniya, wadda Najeriya kaɗai ke gabanta, ba ta barin mai ƙin nama ya kwana da yunwa. Tarkon yana cikin miya: a ce maka babu nama, alhali an dafa ƙashi a ciki an tsame, ko an daka busasshen kifi an barbaɗa, ko an jefa dunƙulen kanti mai ɗanɗanon kaza. Mai abinci ba ƙarya ta yi maka ba, a wurinta nama shi ne tsokar da ido ke gani. Na koyi yin tambaya sau uku, na kuma koyi jure kallon da ake yi wa mai tambaya sau uku.

Maiɗakina ta karɓi abin da sharaɗi guda, kuma ta faɗe shi a tsaye. Ta ce ni babba ne, in na ga dama in ci ƙasa, amma ɗanmu mai shekara biyu ƙwansa da nononsa ba su cikin wannan tsari. Ban yi gardama ba, domin gaskiyarta. Ƙungiyar lafiya ta duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2023, ta ce yaro daga wata 6 zuwa wata 23 ya kamata kullum ya samu wani abu daga dabba, nama ko kifi ko ƙwai. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙananan yara ke da tsumburewa saboda rashin abinci mai gina jiki, duk wanda ya hau mumbari yana wa'azin a hana yara ƙwai ya kamata a sauko da shi. Ni kaina wani abokina likita ya gargaɗe ni a kan bitamin B12, wanda babu shi a gero ko wake ko ganye. Hanta tana ajiye shi har na ƴan shekaru, shi ya sa mutum ba ya farga sai jini ya ragu, ƙafafu sun fara mutuwa. Abin da babba ke bukata bai kai mikirogiram 3 a yini ba, amma babu makawa sai an same shi, don haka ƙwayarsa nake saye a farmasi. Ya kuma ce in riƙa matsa lemun tsami a wake da ganye don jiki ya ja ƙarfen da ke ciki, in daina bin abinci da shayi nan take, domin shayi na hana shi shiga. Wannan na ƙarshe ya fi barin kilishi yi mini ciwo.

Inda na sha wuya shi ne wurin wanka. A shekarar nan ta 1944 da su Watson suka kafa ƙungiyarsu, a ita ce wani masani na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, John Draize, ya fito da hanyar gwaji da ta ɗauki sunansa: a kafe zomo, a ɗiga masa abin da ake son gwadawa a ido, a jira a ga irin ɓarnar da zai yi. Shekara da shekaru haka aka yi ta gwada sabunin gashi da kayan kwalliya. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan da aka gama haɗawa a kan dabba a 2004, ta hana gwada sinadaransu a 2009, sa'an nan daga ranar 11 ga Maris 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada haka ko a ina aka yi gwajin. Akwai kuma tambarin zomo mai tsalle da wasu ƙungiyoyi ke bai wa kamfanin da ya yarda aka bincike shi. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na duba kwalaben da ke ɗakina, na ga ni ne marataya.

Sai dai magana biyu ce ake cakuɗawa. Kayan da ba a gwada a kan dabba ba daban, kayan da babu jikin dabba a ciki daban, kuma abu na iya tsallake ɗaya ya faɗa ɗaya. Sabunin kanti da yawa da kitse ake yin sa, in ka ga kalmar tallowate a jikin takardar to kitsen shanu ne ko na tumaki. Man shafawa da yawa na da lanolin, maiƙon da ake tatsa daga gashin tunkiya. Jan-baki mai kyan ja sau da yawa launinsa daga wani ƙwaro ne da ake kiwo a Peru da Mekziko, a busar a niƙa, a rubuta masa lamba E120 ko CI 75470 don kada mai saye ya ji ƙyama. Na zama mai tsayawa a kanti ina karatun rubutun da ya fi ƙwayar riɗi ƙanƙanta, mai kanti na bina da ido ko ɓarawo ne. Ƴan kayan da na samu masu tambarin zomo, daga Turai suka zo, kuɗin kwalba guda ya isa cefanen mako, kuma ai hoton zomo ba shi da wuyar bugawa ga wanda ya iya buga sunan kamfanin da ba nasa ba.

Kada mu ɗora wa Nasara laifin duka. Kakanninmu ba su jira kowa ba wajen tsare magen jibda a keji ana kankare turare daga jikinta, sana'ar da aka daɗe ana yi har a Habasha. Humrar da maiɗakina ke ji da ita kuwa, da na tambayi abin da ke ciki, sai ta lissafa mini har da farce, wato murfin wani dodon-koɗi na teku. Na buɗe baki zan yi magana, ta dube ni, na rufe. Kowane mai aƙida ya san inda iyakar ƙasarsa take.

Da wannan kaya a kaina na hau hanyar Filinge, kilomita wajen 180 daga Yamai, don in yi kwana tara a gida.

Na riga na gaya wa inna ta waya cewa na bar nama. Ashe ta ɗauka irin maganar ƴan birni ce da ke wucewa da an sha iskar gida. Kafin in ajiye jaka an riga an yanka zakara, babban ja wanda ta yi wata da watanni tana kiwo, domin tuwon girma miyarsa nama ce, kuma ɗan fari ba ya zuwa daga Yamai a ba shi miyar kuka tsura kamar almajiri. Ƙanwata ta kawo akushi ta ajiye, ta buɗe, cinya biyu a sama. Na ce a yi mini haƙuri. Tsakar gida ta yi tsit. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma duban idona in tana magana, haka aka san uwa da ɗan fari a wurinmu, sai ta juya ga ƙanwata ta ce: «Tambayi wanga yaro, ciwo ne likita ya hana mai, ko kuwa hannuna ne ba shi so?» Na ce ba ko ɗaya, tausayin dabba ne. Ta ce: «To ce mai zakaran ya riga ya mutu.» Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na yi ta juya wannan magana har asuba, kuma har yau ban sami amsarta ba. Zakara ya mutu saboda ni, ƙin cin da na yi bai mayar masa da rai ba, abin da ya ƙaru kawai shi ne zuciyar tsohuwa da ta ɓaci. Yara ne suka ci riba, sun yi ta addu'ar Allah ya ƙara wa yaya wannan ciwo.

Washegari na je gaida kakata. Ita da wasa ta tare ni, kamar yadda kaka ke yi da jika: ango ya zo amma an ce ya koma akuya, to ita ba ta auren akuya. Sa'an nan ta sa aka kawo fura a ƙwarya, an dama da nono mai kauri. Ya kamata mai karatu ya san abin da ƙwaryar nan take nufi. A shekarun baya-bayan nan ƴan bindiga sun kore garke da yawa a arewacin jahar Tilaberi, wajen iyakar Mali, kuma danginmu na cikin waɗanda abin ya taɓa; shanun da suka rage wa gidan ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, mai tatsa kuwa guda ce. Nonon wannan saniya ne aka hana yara da safe don a dama mini. Da na ce ba ni sha, wasan ya ƙare. Ta gyara zama ta ce: «Shekarar El Buhari, munka ci anza hal bakinmu ya mutu. Munka ci jiga, munka ci yaɗiya, munka tone gidan tururuwa. Ba tausayin dabba ya sa mu ba, dabbobin sun mutu sun bar mu. Kai ma ka gani da idonka shekarar hwara. Yanzu Allah ya ba ka, ka ce ba ka so?»

Shekarar El Buhari ita ce 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta fara kuwa, 2004 ce, wadda ta jawo yunwar 2005; ina ɗan kolaji a lokacin, na tuna ƙoren anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, na tuna warinsu. A Damagaram yau akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sarrafa anza da aduwa ya sa su cikin leda mai kyau, kuma aiki ne na a yaba, amma a kunnen kakata anza sunan yunwa ne. A nan na gane abin da littattafan Turai ba su gaya mini ba. Wanda ya ƙoshi da nama tun yana yaro, barinsa sadaukarwa ce da ake yaba masa. A Kurfai kuwa rashin nama ba zaɓi ba ne, shi ne halin yau da kullum, kuma wanda ya zo daga birni da albashinsa yana ƙin abin da mutane ke mafarki, kamar yana yi musu ba'a ne da talaucinsu, ko da bai nufa ba.

Abin dariyar shi ne ban taɓa cin abinci irin na aƙidata da sauƙi kamar a kwanakin nan ba. Tuwon gero da miyar kuka da daudawar batso, ɗan wake da man gujiya da yaji, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, akurin magarya, goriba, da ganyen lambunan Dallol Boso inda ruwa ke kusa da hannu. Abin da ake biyan kuɗi mai yawa a ci a gidajen abinci na Pari, shi talakan Shikal ke ci kwana shida cikin bakwai, ba tare da ya san yana da suna ba. Bambancinmu da shi ludayin nono ne a cikin fura, kuma wannan ludayin shi ke riƙe da lafiyarsa, shi ne ƙwayar B12 tasa.

Kawu, wanda ya yi rayuwarsa a bayan shanu, bai yi fushi ba, sai ya ce in biyo shi garke da sassafe. Na gaya masa abin da na karanta, cewa a manyan gidajen madara na Turai ana raba maraƙi da uwarsa cikin ƴan kwanaki da haihuwa. Ya riƙe baki. Ya ce saniyar Azawak, irin jajayen nan da tashar Tukunus da ke arewa da gari take zaɓar irinsu tun 1954, ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta ya fara tsotsa. A bar shi ya sha, a janye shi a ɗaure kusa da ita tana lasarsa, a tatsa, a sake shi ya ƙarasa. Ya kira saniyar da sunanta, ta ɗago kai. Ya ce: «Ɗana, wagga ta san muryata ta hi ɗiyana sani. In ta yi ciwo ni ba ni kwana. Wane ne mai tausayinta, ni ko kai da ba ka taɓa ɗebo mata ruwa ba?» Ban amsa ba. Amma na tambaye shi yadda ake yi in maraƙin ya mutu, alhali na sani: a feɗe shi, a cusa ciyawa a fatar, a ajiye gaban uwar don ta yi zaton ɗanta ne ta saki nono. Ya ce haka ne. Na tambaye shi ina ƴan maruƙa maza ke ƙarewa. Ya nuna hanyar kasuwa da sandarsa. Muka yi shiru mu duka biyu, kowa da rabin gaskiya a hannunsa.

A hanyar dawowa muka ratsa gonar baba, sai kawu ya taka ƙasa ya ce in duba. Kashin shanu ne ko'ina, na garken da ke kwana a gonar da rani don ta yi taki. Geron da nake taƙama da shi cewa babu dabba a ciki, ashe daga bayan saniya ya samo ƙarfinsa, jaki ya ɗauko shi zuwa rumbu, jakin kuma shi ya jawo ruwan da aka dafa shi. Jakin nan ma na ga gyambon da ke bayansa, na ga yaron da ke dukansa a kan gyambon. In akwai dabbar da ke da ƙara a kanmu, shi ne na farko, kuma ba wanda ke cin namansa a nan. Fatarsa ce ta zama abin nema a duniya, ana dafa ta a Sin a fitar da wani danƙo da ake sa wa a magani da kayan gyaran jiki, har ta kai Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Ga inda maganar man shafawa ta zo ta tsaya a bakin rijiyarmu.

Wajen sabuni na yi zaton na huta, domin gwaggo tana yin nata da tokar karan gero da man ƙwallon aduwa. Na yi ta yabonsa a gabanta, na ce wannan ya fi duk mai tambarin zomo, babu idon da aka ɗiga wa shi sai na jikokinta. Ta bari na gama, sa'an nan ta ce ai takan ƙara kitse daga wurin mahauci don ya yi tauri. Ta yi mini wani ba kitse, ya fito da laushi kamar tuwon da bai nuna ba, yana narkewa a hannu, amma yana wanki. Na haɗa da man kaɗanya da ƴan kudu ke kawowa kasuwa, da asuwaki maimakon man goge baki, da garin ganyen magarya na wanke kai, wanda kakata ta ce madalla, na fara sabawa tun yanzu, tun da da shi ake wanke gawa. Duka ban kashe jika biyu ba. Abu guda dai zan gargaɗi mata a kai: kwallin dutse ba a gwada shi a idon zomo, amma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma idon jariranmu ake zizara wa. Abin da bai cuci dabba ba, ba lalle ne bai cuci mutum ba.

Baba ne ya kai maganar gaban liman, ba don ya kunyata ni ba, don hankalinsa ya kwanta. Liman ya tambaye ni abu guda: ina cewa nama haramun ne? Na ce a'a, Allah ya halatta, ni ne dai raina ya ƙi. Ya ce to babu laifi ga wanda ya bar halal bai haramta ta ba, ya kuma tuna wa mazauna wurin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, da umurnin a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, ya ce masu ɗaure raguna a kan rufin mota ya kamata su ji tsoron ranar da ragunan za su yi magana. Na fara jin daɗi. Sai ya juyo ya ce amma layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma ya ji an ce ina da albashi.

Daren da zan koma, ƙanwata ta kawo mini ƙwarya ta ajiye ba ta ce komai ba. Fura ce, fara tas kamar an dama da nono. Na shinshina, na ɗanɗana: garin ƴaƴan kuka ne aka jiƙa aka tace, aka ƙara ɗan ruwan tsamiya, dabarar da masu sayar da nono ke yi a ɓoye in kaya ya yi ƙaranci, yau an yi ta a fili saboda ni. Na tambayi wanda ya dama. Ƙanwata ta nuna ɗakin inna da haɓa. Na shanye har ƙasa, na ɗaga murya na ce an gode, Allah ya saka. Daga cikin ɗaki aka ce: «Ce mai ya aje ƙwaryar inda ya ganta.» Kakata kuwa ta aiko a gaya mini saki uku ne tsakaninmu har sai ranar da na sha nonon saniyarta.

Da safe kawu ya raka ni tasha. Motar da na shiga akwai awaki biyu a sama. Na roƙi yaron mota ya kwance musu ƙafafun baya ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashinsu, ya ce sai na ƙara dala ɗari, na ƙara. Mota na shirin tashi kawu ya leƙo ta taga ya ce baba ya ce a tuna mini, in ina son ragon layya mai kyau a sunan gidana, kuɗin su iso kafin farashi ya hau. Na ce zan kira. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, wayar tana gabana a kan tebur ina wannan rubutu, ban kira ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar hatsi.